Ƙayar kurungu ta soke ni, yatsa ya ƙi warkewa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni mai gyaran kifi ce a Garwa, kifin dam ɗin Lagdo nake sarowa ina yin banda. Yau sati 3 da ƙayar kurungu ta soke ni a babban yatsa. Wurin ya kumbura ya yi jawur, da dare zogi ba barci. Tsakanin yatsu kuma duk ya tsattsage, ruwan gishiri na taɓawa sai ƙwalla. Na shafa man kaɗanya, na ƙunsa lalle, shiru kake ji. Safar hannu ta roba ma na gwada, tarwada sai ta suɓuce, ga gumi. Ko guntun ƙayar ne ya karye a ciki? Don Allah wadda ta taɓa fama da wannan, yaya ta yi?