Shin Pentium Dual-Core da Core 2 Duo abu ɗaya ne?

Mai gyaran kwamfuta: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina shi ne bambancin waɗannan firosesa biyu a suna kawai yake. Ku ɗauki Pentium E2160 da Core 2 Duo E4300 waɗanda Intel ta fitar a 2007: dukansu ƙwaƙwalwa biyu gare su, gudunsu gigahaz 1.8, kuma mazauni ɗaya suke hawa, wato LGA 775.

Injiniya: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne ƙirarsu ɗaya ce, amma ka tsallake ma'ajiyar kusa ta L2, wadda firosesa ke ajiye bayanan da yake yawan komawa gare su don kada ya riƙa jiran RAM, wato babbar ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. E2160 megabait 1 gare shi, E4300 kuwa 2. A rubutu da lilo a intanet da wuya mutum ya lura, amma da zarar aikin ya yi nauyi, kamar wasanni ko matse manyan fayiloli, mai ƙaramar ma'ajiya yakan riƙa komawa RAM a kai a kai, kuma a wannan kai-komon ake asarar lokaci.

Malamar kwamfuta: Ina tare da Injiniya, kuma misalin da Malam ya zaɓa shi ne wanda tazararsa ta fi ƙanƙanta. A gwada Pentium E5200 da Core 2 Duo E8400 na 2008: ma'ajiyar na farko megabait 2 ce, ta na biyu 6, gudun hanyar da suke musayar bayanai da sauran sassan kwamfuta megahaz 800 da 1333, sannan E8400 yana da umarnin SSE4.1, mai hanzarta ayyuka irin su sarrafa bidiyo, wanda aka cire wa E5200.

Ɗalibi: Malama, to ina matsayin Pentium D? Na ga mutane suna haɗa shi da waɗannan.

Malamar kwamfuta: Wannan gida daban ne. Ya fito a 2005 a kan tsohuwar ƙirar NetBurst ta Pentium 4, kuma wasu samfuransa suna kai wat 130 wajen cin wuta, alhali Core 2 Duo na tebur a wat 65 ya tsaya.

Mai gyaran kwamfuta: Na karɓi batun SSE4.1, Malama. Sai dai har yanzu ina kan bakana game da aikin ofis, domin injin da ke da E5200 da isasshen RAM ya fi mini E8400 da aka bari da gigabait 1.

Injiniya: Malam, ai yanzu RAM kake gwadawa, ba firosesa ba. A daidaita RAM ɗin a injinan biyu, sannan a sake awon.