Itaciyar yuka ta cika tukunya, in sake mata wata ko in dasa ta a tsakar gida?

Uwargida Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin shuke shuke ku taimaka mini. Ina da yuka a salo, irin mai kututture da dogayen ganye kamar takobi, yanzu saiwa ta fara leƙowa ta ƙasan tukunyar kuma ta yi tsawo har iskar fanka na neman kada ta, ganyen ƙasa ma sun fara yin rawaya. Maigida ya ce a fidda ta a dasa a tsakar gida kawai, ni kuma ina tsoron ranar Yamai ta ƙone min ita. Yaya zan yi?

Mai lambu bakin kogi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ganyen ƙasa in sun tsufa dama rawaya suke yi su bushe, ki cire su kawai, wanda zai tada hankali shi ne in kin danna kututturen kin ji ya yi laushi, to nan ruwa ya yi yawa saiwa ta fara ruɓewa. Itaciyar nan daga Meziko da Gwatamala ta fito, tana jure ƙishirwa sosai, abin da ke kashe ta a gidajen mutane yawan ban ruwa ne da ƙatuwar tukunya. Ki nemi wadda ta fi ta yanzu faɗi da santimita 4 ko 5 kawai, ta ƙasa mai nauyi irin ta Bubon, garin masu ginin tukwane, don kar ta riƙa faɗuwa, amma lalle a huda mata gindi. Ki haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasar lambu da ɗan takin da ya ruɓe sarai, kar ki sa ɗanyen kashin awaki. Ki kwantar da tukunyar ki zaro ta a hankali, saiwar da ta yi baƙi ko take wari ki yanke da wuƙa mai tsabta, kuma iyakar inda ƙasa ta tsaya mata da can nan za ki tsaya, kar ki binne kututturen. Sai ki bar ta kamar sati ɗaya kafin ki ba ta ruwa. Daga nan kuma sake mata tukunya sai bayan shekara 2 ko 3.

Ɗan Adar daga Tawa:
Hajiya ni dai ina bayan Alhaji, a ƙasa ta hi jin daɗi, mu nan munka dasa tamu tsakar gida kuma ta yi kyau ƙwarai. Amma ba a hiddo ta daga ɗaki kai tsaye a kai ta rana, ganyen toyewa za su yi, sai ki aje ta inuwar bedi tukuna sati biyu ko ukku tana samun ranar sahe. Kuma kada ki taɓa ta cikin Afrilu da Mayu wallahi, ki jira farkon damana.

Mai lambu bakin kogi:
Malam gaskiyarka kan inuwa, amma damana a Yamai sai an duba wuri, gidaje da yawa ruwa na kwanciya a Agusta, in ta zauna cikin taɓo kwana kaɗan ta tafi. Ni na fi son Nuwamba lokacin da sanyi ya fara shigowa, a yi mata ɗan tudu a dasa a kai, a kafa mata sanda saboda iska, kuma a riƙa duba gara.

Uwargida Yantala:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na danna kututturen yanzu da ƙarfinsa alhamdulillah. Tsakar gidanmu ruwa na kwanciya sosai don haka tukunya zan sake mata. Wannan yashin, na masu gini zai yi ko sai na kogi?