Gidan kallo ko filin wasa? Abin da 'yan majalisa suka ce

An daɗe ana tafka muhawara a majalisarmu ta Bauchi Road da ke Jos kan yadda Firimiyar Ingila ta kwashe wa lig ɗin gida 'yan kallo, ga dai abin da na tsinta.

Yawanci kan lokaci suka tsaya. Plateau United za ta buga ƙarfe 4 na yamma ran Lahadi, daidai sanda manyan wasannin Ingila ke ƙaratowa, to wa zai bar gidan kallon unguwarsu ya hau keke har filin wasa na Zaria Road kuma ya dawo cikin sanyin Jos? Suka ce a riƙa duba jadawalin Turai kafin a sa lokaci, wasu wasannin ma a kai su tsakiyar mako, ni dai na fi yarda da wannan don ba ya cin ko sisi.

Dattawa kuwa suka ce nasara ce ke jawo mutane, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin lig na farko a 1972, Plateau United ta ɗauka a 2017, lokacin ai ba a roƙi kowa ya je fili ba. Sai batun alƙalan wasa, in mutum ya san mai gida ne zai ci ko ta halin ƙaƙa me zai je kallo?

Sauran a gurguje, a sassauta wa ɗalibai kuɗin tikiti, a ƙara tsaro a ƙofa don mata da yara su iya zuwa, a kuma riƙa gayyato irin su Mikel Obi da Ahmed Musa tunda a garin nan suka taso.