Mota tana zafi a cunkoso, an ce in cire tamostat: me kuka gani?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota. Motata ƙirar 2006 ce, injin fetur mai silinda huɗu. Shekara uku ke nan ni nake yi mata ƙananan gyare-gyare a gida, irin su juyen baƙin mai da canza fulogi da filtar iska. Ni ba bakanike ba ne, amma ina da sifanoni da jak da mitar auna wuta, kuma ina jin daɗin in san abin da ke damun motata da kaina.

Ga abin da ke faruwa, yau kusan mako biyu. Idan ina kan babban titi ina gudu, allurar zafi tana tsakiya daram. Da na shiga cunkoso na tsaya kamar minti goma, sai ta fara hawa. Jiya har ta kusa taɓa ja. Na gangara gefe na kashe, na ji ruwa yana ɓararraka a robar ajiyar ruwan lagireto. Da ta huce na ƙara kusan lita ɗaya ta ruwan famfo.

Maƙwabcina ya ce tamostat ne, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi, in cire shi in jefar, sannan in haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Ya ce haka ya yi wa tasa. Raina bai kwanta ba, domin da wannan motar nake kai yara makaranta, ba na so in kashe injin da hannuna. In cire ko kada in cire? Kuma wannan aikin gida ne ko na gareji?

Direban tirela:

Wa'alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Na ga wanda ruwa ya wanke masa fuska da ƙirji a gabana, har yau ban manta ba. Ruwan da ke ciki a matse yake, kana sassauta murfin zai tafasa nan take ya yo waje da ƙarfi. Ka jira sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu ba tare da ya ƙona ka ba, sannan ka ɗora tsumma ka murɗa a hankali. Kuma kada ka zuba ruwan sanyi a injin da ya ɗau zafi, yana iya tsaga tof silinda, wato kan injin da ke rufe saman silindodi.

Wani ɗan'uwa:

Ni dai na cire nawa shekara biyu da suka wuce, kuma motar ba ta sake zafi ba. Maƙwabcinka ya yi gaskiya. Inda ake rana mai zafi tamostat ba shi da wani amfani, don masu ƙanƙara aka yi shi.

Tsohon bakanike:

Ƙanena mai tambaya, ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka, ba ka lura ba ne. Ka ce a guje lafiya lau, a tsaye take zafi. Idan mota tana gudu, iskar hanya ce take ratsa lagireto tana sanyaya ruwa, ko babu fanka. Idan ta tsaya, babu mai kawo iska sai fanka. Don haka motar da ke zafi a tsaye kaɗai, fanka ake fara tuhuma. Da tamostat ne ya maƙale a rufe, da a kan babban titi ma za ta yi zafi, har ma ta fi yi da sauri, tunda a nan inji ya fi aiki kuma ruwan ba shi da hanyar zuwa lagireto.

Shi kuma ɗan'uwan da ya ce ya cire nasa, ka yi haƙuri, ba na tare da kai. Tamostat ba don ƙanƙara aka sa shi ba. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. A yawancin ƙananan motoci yana fara buɗewa tsakanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos, kuma za ka ga lambar an buga a jikinsa. Idan ka cire shi, inji yakan daɗe bai kai wannan zafin ba. Kwamfutar mota tana karanta zafin ruwa, in ta ga da sanyi sai ta ƙara fetur, domin a wurinta inji bai gama ɗumama ba. Sakamakon shi ne shan mai, fulogi su yi baƙi, fetur da raɓa su riƙa taruwa a cikin baƙin mai suna tsinka shi, ringi da silinda su riƙa cinyewa a hankali. Ba a wata ɗaya ake ganin ɓarnar ba, shi ya sa mutane suke rantsewa cewa babu komai.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. A wasu injuna, tamostat yana da wani faifai a gindinsa. Idan ya buɗe hanyar lagireto, wannan faifan yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya yi ta kewaya inji bai je lagireto ba. Irin wannan motar cire tamostat yana iya ƙara mata zafi ma. Na sha karɓar irinsu a hannuna.

Ka bar tamostat ɗinka inda yake, ka duba fanka tukuna.

Wani ɗan'uwa:

Baba, ban ƙi maganarku ba, kun fi ni sani. Amma tawa dai ta daina zafi, wannan da idona na gani.

Tsohon bakanike:

Na yarda ta daina. Wataƙila naka ya maƙale ne, cire shi ya buɗe hanya. Maganin wanda ya lalace shi ne sabo mai lamba irin tasa. Ka lura da allurarka da safe, ka ga minti nawa take yi kafin ta kai tsakiya, in ma tana kaiwa. Sannan ka tuna yadda motar take shan mai a da.

Mai wayarin:

Baba ya gama magana a kan tamostat, bari in ɗora a ɓangarena. Malam, tunda kana da mita, aikin nan ba ya fin ƙarfinka.

Fara da mafi sauƙi. Tada mota, kunna AC, ka leƙa. A yawancin motoci fanka takan tashi da zarar AC ya kama, ko inji bai yi zafi ba. In ta tashi, motar fankar, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta, lafiya take, sai mu koma kan sensar zafi da wayoyinta. In ba ta tashi ba, kashe mota ka buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet. A bayan murfin akwai zanen da ke nuna fiyus ɗin fanka da rilenta, wato ɗan makunnin lantarkin da ke sakar mata wuta. Auna fiyus ɗin da mita, kada ka dogara da ido, wani yakan yanke ta inda ba a gani. In ya ƙone, ka sa mai lamba daidai da tasa. Don Allah kada ka naɗa waya a madadinsa, haka motoci suke kamawa da wuta. Kuma in sabon ya sake ƙonewa, akwai abin da ke jan wuta fiye da kima, yawanci motar fankar ce ta fara cijewa.

In fiyus lafiya, duba rile. Sau da yawa akwai wani iri ɗaya sak a cikin akwatin, kamar na ham. In lambobin jikinsu ɗaya ne, musanya su ka gwada. In har yanzu shiru, zare soket ɗin fanka ka auna ko wuta tana zuwa lokacin da AC yake kunne. Ka ga wajen bolt 12 zuwa 14 amma fanka ba ta juyawa, to motar fankar ce ta mutu. Ba ka ga komai ba, matsalar tana baya, a waya ko wayar nagetif da ke haɗe da jikin mota ko sensa.

Gargaɗi guda: fankar lantarki tana iya tashi da kanta, a wasu motoci ko an zare makulli. Duk lokacin da za ka sa hannu kusa da fukafukanta, cire kan batir na nagetif tukuna.

Batun haɗa ta kai tsaye kuwa, ban ba ka shawara ba. Za ta yi ta juyawa ko ba a buƙata, ta mutu da wuri. Kuma masu yin haka galibi ba sa sa fiyus a layin.

Maman 'yan biyu:

Ni ma nakan taɓa tawa a gida, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan famfon da ka zuba. A hanya, in babu yadda za a yi, ba laifi. Amma kada ya zama shi ne ruwan motar. Yana barin gishiri-gishiri a cikin siraran bututun lagireto, yana kuma kawo tsatsa. Kulant, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, yana hana tsatsa, yana kare famfon ruwa, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa. In ka sayi mai kauri, rabi da rabi ake haɗawa da tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. In wanda aka riga aka haɗa ne, zubawa kawai za ka yi. Duba littafin motarka ka ga irin da aka ce, kada ka bi launi kawai.

Kuma tunda ka ambaci yara, Yaya, ka kula ƙwarai. Kulant guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi-zaƙi da launi mai jan ido. In za ka juye tsohon, tara shi a galan mai murfi, kada ka zuba a gorar ruwan sha, kada ka bar shi a kwano a tsakar gida ko na minti biyar. Dabbobi ma suna lasa su mutu.

Direban tirela:

Ƙari a kan na Hajiya: a duba murfin lagireto ma. Ƙaramin abu ne amma shi ke riƙe matsi. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma da matsin kusan "bar" ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) da murfin ke riƙewa sai ya kai wajen 120. In robar murfin ta tsage, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana gudu robar ajiya. In ta sake hawa a hanya kafin ka gyara, kashe AC ka kunna hita har ƙarshe, zai ɗan janye zafi daga inji har ka samu wurin tsayawa.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na bi abin da mai wayarin ya ce. Na kunna AC, fanka shiru. Fiyus lafiya. Na musanya rile da na ham, ina jin yana yin ƙas amma fanka ba ta motsa ba. Na auna soket na ga 13.8. Da na mayar da soket ɗin sai na ɗan ƙwanƙwasa bayan motar fankar da ƙotar dogon sukudireba, sai ga ta ta tashi, ta juya kamar minti ɗaya ta sake tsayawa. Mene ne wannan? Sannan Baba, hankalina yana kan gasket, abin da ke liƙe tsakanin tof silinda da jikin inji. Ta kusa taɓa ja sau ɗaya, ya zan gane ko na riga na yi ɓarna?

Mai wayarin:

Gawayin cikin motar fankar ne ya cinye, wato ɗan abin da ke goga yana kai mata wuta. In ka buga sai ya ɗan taɓa ta tashi, da ta girgiza ya sake rabuwa. Ba za ta warke ba, canza ta. A motoci da yawa notuna biyu ne a sama suke riƙe gidan fankar, ƙasa kuma a zaune yake cikin rami, sai ka zare shi sama gaba ɗaya. Ɗauki hoton soket da wayoyi kafin ka kwance. Kula kada gidan ya gogi fuskar lagireto, siraran ƙarafan nan ba sa jure komai. In ka ɗaura sabuwa, tabbatar tana jan iska ta cikin lagireto zuwa wajen inji. Riƙe takarda a gaban giril, ya kamata ta manne.

Tsohon bakanike:

Madalla, ka yi aiki da tsari. Tunda ka kashe ta kafin allura ta shiga ja, ina kyautata zaton ka tsira, amma a duba. Tof silindan irin waɗannan injuna yawanci na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi.

Da safe, inji a sanyaye, zaro sandar auna baƙin mai ka kuma duba ƙarƙashin murfin zuba mai. In ka ga man ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga. Buɗe lagireto, cika shi, tada mota ka zuba ido a bakin. 'Yan kumfa na farko iska ce take fita, musamman tunda ka ƙara ruwa. Amma kumfan da ba ya yankewa, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, hayaƙin silinda ne yake shigowa. Duba salansa kuma: ɗan tururin safe ba komai ba ne, amma farin hayaƙi mai kauri da ƙamshi-ƙamshi bayan inji ya ɗumama, wannan kulant ne yake ƙonewa. In kana shakka, akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana komawa rawaya in akwai hayaƙin fetur a ciki. Duk wannan a fili za ka yi shi, kada ka tada mota a rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa ba a ji warinsa ba.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tsaya nan. Fanka, tamostat, tiyo, murfi, duk aikin gida ne ga mai natsuwa irinka. Gasket kuwa sai an auna fuskar tof ko ta lanƙwashe, wani lokaci a kai a goge ta a inji, sannan a ɗaure notunan bi da bi da sifana mai auna ƙarfi. Wannan ka kai wa mai kayan aikin.

Mai neman shawara:

Baba, na duba. Mai baƙi ne yadda na san shi, kumfa ya fito sau uku ya tsaya, salansa babu hayaƙi. Na cire gidan fankar ban ɗaga motar ba ma. Amma wurin juye ruwan lagireto yana can ƙasa, hannuna ba ya kaiwa sai na shiga ƙarƙashi. Jak ɗin canza taya kawai nake da shi.

Direban tirela:

Kada ka shiga a kan wannan jak ɗin, ko kanka kaɗai ne. Don canza taya aka yi shi, yana zamewa. Nemo ƙafafun ƙarfe guda biyu na tokare mota, ka kafa su a ƙasa mai tauri wadda ba gangare ba, a wuraren da littafin motar ya nuna. Ja burkin hannu, tokare tayoyin baya, ka girgiza motar da hannu kafin ka shiga. Bulo ba ya cikin lissafi, yana farfashewa ba sanarwa.

Maman 'yan biyu:

In ka zuba sabon kulant, bar murfin a buɗe, hita a kan zafi, ka bar inji yana aiki har tiyon sama ya ɗau zafi, alamar tamostat ya buɗe ke nan. Ruwan zai faɗa, ka ƙara, ka rufe. Ka tsaya a wurin har ka ga fanka ta tashi da kanta ba tare da AC ba, ta kuma tsaya da kanta. Washegari da safe sake duba robar ajiya kafin ka ɗebi yara, yakan ɗan sauka bayan tafiyar farko.