Tantin su a kan ƙanƙara: mai baho ko mai lema?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Lahadi, ranar ne rangwamen shagon zai ƙare. Bara sau uku na bi wani abokin aikina su, wato kamun kifi, a kan ƙanƙara a Tafkin Medicine da ke Plymouth, ba nisa da gidanmu a Brooklyn Park. Abin ya shiga raina, yanzu yara ma sun kafe sai an je da su. Zama a kan bokiti a fili da yara ba zai yiwu ba, dole sai tanti. Iri biyu na gani. Akwai mai baho, wanda suke ce wa filif-oba: bahon roba ne da kujera a ciki, ka ja shi da igiya, in ka isa ka jawo rumfar daga baya ta rufe ka kamar keken jarirai. Akwai kuma mai lema, wato hob, yana cikin doguwar jaka, ka finciko kowane bango ya ɓullo waje. Ga halin da nake ciki: Corolla gare ni, a hawa na uku nake, ba lif ba gareji. Yara biyu, 'yar shekara 11 da ɗan shekara 7. A ƙafa muke shiga tafki. Dala 400 na ware, ba ƙari. Sannan ina son inda zan miƙe in yi azahar da la'asar, kun san ranar Disamba a nan, ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi. Wanne zan ɗauka?

Alhajin Fargo: Wa alaikumus salam. Ƙanina, bar wahalar da kanka da tsumma. Nemi gida mai taya irin Ice Castle, ka ja shi da mota har tsakiyar tafki, ka sauke shi ya zauna a kan ƙanƙara. Gado, murhu, talabijin, ramukan su a ƙasan ɗaki. Kwana biyu muka yi a ciki a Lake of the Woods, da singileti na kwana.

Ɗan Fagge: Alhaji, mutum ya ce Corolla da dala 400. Taya ɗaya za a sayar masa ko ƙofa?

Bazazzagi: Mai baho, ba tantama. Su a ƙanƙara yawo ne: ka huda nan, minti goma ba motsi, ka tashi ka koma gaba. Da mai baho ɗaga rumfa kawai za ka yi ka ja, kayanka duk suna ciki. Don haka ma wani masunci ɗan Minnesota, Dave Genz, ya fito da irinsa, shi ne Fish Trap na kamfanin Clam. Mai lema in ka kafa shi, ka murɗa turaku, ka jera kaya, wallahi ko kifin ya yi hijira ba za ka tashi ba, ƙyuya za ta zaunar da kai.

Ɗan Fagge: Nawa ne nauyin naka?

Bazazzagi: Mai cin mutum biyu ne, ya kusa kilo 45. Amma a bayan fikof yake kwana duk hunturu.

Ɗan Fagge: To ka ji. Shi kuma a ka zai ɗauka zuwa hawa na uku kamar ɗan dako a Singa. Bazazzagi dai ba ya karanta tambaya sai ya gama ba da amsa.

Direban Tirela: Malam Baban Amira, don Allah, don Annabi, kada ka sayi mai lema. Ni ganau ne ba jiyau ba. Watan Janairu shekara biyu da suka wuce na sayi na hannu a wurin wani, dala 220, ya ce sau biyu kacal ya kafa shi. Na ɗauki ƙanin matata da ya zo karatu Winnipeg muka nufi Tafkin Winnipeg ta ɓangaren Matlock, neman kifin wolai ɗin nan masu koren baya da ake ta ɗaukar hoto da su. Wanda bai taɓa zuwa ba, ba tafki ba ne irin naku na cikin gari, ba ka hango ɗaya gaɓar, ba itace ba tudu, iska daga inda ta taso sai a kanka. Mun kafa lafiya, mun huda ramuka biyu, mun kunna hita, har na zuba shayi. Ban kai kofi baki ba sai ji na yi fam! Bangon da ke fuskantar iska ya lotso ciki, ƙarfen tsakiyar ya doke ni a ƙeya, hita ta kife, ta ƙona ƙasan tantin kafin ta mutu. Muka fito da gudu mu tura bangon, fitarmu ke da wuya tantin ya tashi sama. Ya yi ta mirgina a kan ƙanƙara kamar ledar biredi, muna kallo.

Bazazzagi: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba.

Direban Tirela: Ai ban kai wurin ba tukuna. Akwai wani ɗan aljihun raga da suke ɗinkawa a jikin bango daga ciki. A nan na sa makullin mota da wayata. Wayar yaron kuma sanyi ya kashe ta tun da safe. Ga mota a gabanmu a kulle, ga sanyi ya doshi 30 ƙasa da sifiri, safar hannuna ɗaya ma ta bi tantin. Yaron da bai fi wata huɗu da barin Kaduna ba ya fara kuka, hawayen na daskarewa a gashin ido. Wani dattijo Bature ne ya hango mu, ya sa yaron a bukkarsa, ya goya ni a babur ɗin ƙanƙara muka bi sawu. Sai da muka yi tafiya mai nisa muka same shi ya maƙale a wani tudun ƙanƙara da ta karye ta hau kan juna. Sanda biyu sun karye. Makulli na nan, waya ta tsage. Har yau in na ce za ni su, uwargida sai ta ce in bar mata makullin gida da katin banki.

Ɗan Fagge: Yaya, Allah ya ƙara tsarewa. Amma tambaya ɗaya: turaku nawa ka murɗa?

Direban Tirela: Biyu. Da hannu ake murɗa su, yatsuna sun ƙage.

Ɗan Fagge: Igiyoyin bango fa? Kowane bango akwai zobe a tsakiyarsa daga waje, a nan ake ɗaura igiya a ja ta zuwa turke. Ita ke hana shi lotsowa. Kuma kafin ka buɗe tantin ma, kusurwar da iska ke bugowa ita za ka fara kafewa. Akwai ɗan ƙarfen da ake sa wa a bakin diril, cikin daƙiƙa kaɗan turke ya shige. Shekarata huɗu da mai lema na kamfanin Eskimo, ko sau ɗaya bai motsa ba.

Direban Tirela: Wanda ya sayar min bai ba ni igiya ba, ko zancenta bai yi ba. Na koma masa ya toshe lambata. Kai kuma a kududdufin cikin Minneapolis kake su, gidaje sun kare maka iska ta ko'ina, ka zo kana koya min. Zo Manitoba ka kafa mu gani.

Uwar 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki, ni hitar nan ce ta tsaya min. Ma'aikaciyar jinya ce ni. Duk wanda kuka saya, kada ku toshe 'yan tagogin iskan da ke sama don wai zafi na fita. Iskar da ke kashe mutane a gida in sun kwana da janareta ko gawayi a ɗaki lokacin sanyi, ita ce dai wannan, kabon monoksaid, ba wari ba launi. Yaro ya ce kansa na ciwo ko yana jin barci, ku fita waje nan take. Na'urar da ke ƙara in ta ji iskar ba ta da tsada. Baban Amira, mu mai lema muke da shi, mai cin mutum huɗu, bai kai kilo 20 ba, ni nake hawa da shi bene. Yana shiga mota in an kwantar da kujerar baya ɗaya. Maigidan yana salla a ciki tsaye, mun shimfiɗa tabarmar soso irin ta wasan yara. Ka nemi mai bargo a ciki. Na farkonmu mai falle ɗaya ne, da hita ta ɗau zafi sai rufin ya yi ta ɗigo mana a wuya.

Baban Amira: Na gode Hajiya, ke kaɗai kika tuna da benen. Nawa kuka saya? Kuma in an kwantar da kujera ina yara biyu za su zauna?

Uwar 'Yan Biyu: Dala 280.

Direban Tirela: Mai bargo a 280? Sai dai in na sata ne. Na duba a nan, ya haura 550 kafin a ɗora haraji kashi 12.

Bazazzagi: Dalarku ta Kanada ce, Yaya, tata ta Amurka.

Direban Tirela: Ko an juya bai kai ba.

Uwar 'Yan Biyu: A Maris muka saya, lokacin da shaguna ke kwashe kayan hunturu.

Alhajin Fargo: Ni a baje kolin kayan su na St. Paul, farkon Disamba, na ga an rubuta 399 har da kyautar turaku.

Ɗan Fagge: Kowa ya faɗi nasa, amma don Allah kada wanda ya juya shi zuwa naira, akwai masu hawan jini a nan.

Bakabe: Ina ta saurare. Mi kunka sani ga su? Ni jikan masunta na, ga Matan Fada ni buɗe ido, da homa da gora muka shiga ruwa. Masunci na gaskiya ba ya ɓoyewa cikin ɗaki da hita yana leƙen rami awa mai jiran gahiya. Wanga duk wasan yara na.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwan Toronto, sau nawa ka taka ƙanƙara?

Bakabe: Sau guda, Tafkin Simcoe. Kihin da munka kama ko tahin hannu bai kai ba. Gida ko kyanwa ba a ba irinai.

Bazazzagi: To Baba, mai zuwa ɗaya ba ya cikin masu ƙuri'a. Giwan ruwa daban, wolai daban.

Direban Tirela: In dai yawan zuwa ne, ni na fi ku duka, amma an ce laifina ne.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Montreal. Mu nan ba mu saye. Muna zuwa Sainte-Anne-de-la-Pérade, ƙauye guda ne na bukkoki a kan kogi daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Ka biya, a ba ka bukka da ɗuminta da ƙugiyoyi a jere, yara su yi ta ciro ƙananan kifi har su gaji. Ka yi haya tukun, in yaran sun jure sau uku sannan ka kashe kuɗi.

Uwar 'Yan Biyu: Kuma kada ɗokin sabon tanti ya sa a shiga da wuri. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota, DNR, kaurin inci 4 ta ce na sabuwar ƙanƙara garau ga mai tafiya a ƙafa, in fara ce a ninka. Kun manta Tafkin Upper Red Lake na Minnesota a ƙarshen Disamban 2023? Mutum 122 aka kwaso bayan ƙanƙara ta rabu da gaɓa.

Bazazzagi: Gaskiya ne. Baban Amira, kana ma da oga kuwa? Tanti ba rami ai ɗakin kwana ne.

Bakabe: Wane oga kuma? Sai an nemi izinin maigida?

Ɗan Fagge: Injin huda ƙanƙara, Baba. Sunansa ke nan, kuma ya ci sunan, in ba shi ba aiki.

Baban Amira: Ba ni da shi. Na ɗauka zan riƙa ara a wurin 'yan uwa kafin baɗi.

Bazazzagi: To nan fa ɗaya. Ni na daina ba da aro. Bara wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, ya karɓi nawa mai batir ya ce kwana biyu. Sati uku ya yi. Ya dawo da shi wuƙaƙen sun dakushe, da alama a bakin gaɓa ya huda har ya ci yashi, batir ɗin kuma ya bar shi a but cikin sanyi. Ko sannu. Dala 50 na sayi sababbin wuƙaƙe.

Alhajin Fargo: Kai dai bari. Ni masu bin mota ne suka ishe ni. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ku tsaya gidan mai kowa ya duƙufa a kan waya kamar an aiko masa da rasuwa. Gas ɗin hita ma ƙaramar tukunya awa uku take yi in an ƙure ta, ba mai zuwa da ko ɗaya. Amma lokacin rabon kifi kowa da ledarsa.

Ɗan Fagge: In da ni ake, wuƙaƙen nan dama a dakushe na karɓe su. Kuma na kawo maka kilishi.

Bazazzagi: Ban kama suna ba, Bakano ya kama kansa. Kilishin ma rabi ne, an buɗe ledar.

Baban Amira: Jama'a, Lahadi fa gobe ce. Na auna but ɗin Corolla, jakar mai lemar ta fi shi tsawo da kusan taƙi ɗaya. Akwai wanda ya taɓa ɗaure ta a saman mota?

Direban Tirela: A saman mota kuma? Tun kafin ka isa tafkin ke nan zai tashi.

Bazazzagi: Ɗan Fagge, rasit ɗin na nan, zan turo maka hotonsa.