Injin yanka, injin aski ko injin saisaye? Neman sunan Hausa ga injin ciyawar gida

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta bayani ne kan yadda mai ƙaramin fili a gida zai zaɓi injin gyaran ciyawa, tsakanin mai aiki da batir da mai shan fetur, sai sunan injin kansa ya tsayar da ni. Turawa "lawn mower" suke ce masa. Kusan kowa "injin yankan ciyawa" yake rubutawa, amma raina bai kwanta da shi ba. Bahaushe in ya ji yankan ciyawa, lauje ne ke zuwa masa a rai, a yanke, a ɗaure, a kai wa dabbobi. Wato abin da aka yanko ake nema. Shi kuwa wannan injin ba ruwansa da abin da ya yanke, abin da ya bari a ƙasa shi ne aikin: ciyawa ta kwanta daidai wa daida, babu mai fin wata tsayi. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan?

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam. Yaro, ai ba sai an je nesa ba. Injin askin ciyawa. Kai ma ka san abin da ya yi tsawo a ka aski ake yi masa, kuma kowa zai gane da ji ɗaya.

Makaniken ƙananan injuna:
Baba, Allah ya ƙara girma, ni dai ina jin tsoron kalmar aski, don ita ce ainihin ɓarnar da masu sabon inji suke yi. Mutum ya sauke wuƙar har ƙasa don kada ya sake fitowa da wuri, ya yi wa filin ƙwal kwabo, bayan kwana kaɗan rana ta ƙone saiwar, wurin ya yi ja faci-faci, haki mara amfani ya samu hanyar fitowa. Ƙa'idar da masu kula da ciyawa suka sani ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a fita ɗaya. In ciyawa ta kai santimita 9, a rage 3, a bar 6. Wanda aka ce masa ga injin aski, to aski zai yi.

Malamar Hausa:
Malam makanike ya kawo mu bakin amsar ba tare da ya furta ta ba. Abin da ya kwatanta yana da suna: saisaye. Aski kwashewa ne gaba ɗaya, saisaye kuwa ragewa ne a daidaita, a bar gashi a ka. Don haka ina ba da shawarar "injin saisayen ciyawa", in magana ta yi nisa kuma an san ciyawa ake nufi, a gajarta zuwa "injin saisaye". Tarihin injin ma yana goyon bayan haka. Wanda ya ƙirƙiro shi, Edwin Budding, a Ingila a 1830, daga masaƙa ya ɗauko dabarar: akwai wata na'ura mai wuƙaƙe a jikin gangar ƙarfe da ke bin saman ƙyallen ulu tana rage gashin da ya tashi don ya yi sumul. Ba yanke ƙyallen take yi ba, daidaita samansa take yi. Ita ya mayar kan ciyawa.

Wani matashi:
Malama, ranki ya daɗe, me zai hana mu ari kalmar kawai mu ce "mowa"? Ai haka muka yi da fulogi da janareta da batir, kuma sun zauna.

Malamar Hausa:
Ɗana, aro ba laifi ba ne, harshen da ba ya aro ya daina tafiya. Amma ana aro ne inda gurbi yake a buɗe. Fulogi bai tarar da kowa a wurinsa ba. Mowa kuwa tana da mai ita tun da daɗewa, matar da miji ya fi so, kishiyar bora. Ka rubuta "mowa mai batir ta fi sauƙin kulawa" ka ga inda hankalin mai karatu zai tafi. Wannan gurbi a cike yake.

Mai tambaya:
Saisaye ya shige ni, Malama. To saura rabe-raben. Bayanin da na gani daga Amurka yana cewa "gas mower", kuma na ga wani ya mayar da shi "inji mai gas". Wannan kuskure ne babba. A bakin Amurkawa "gas" gajarta sunan fetur ne, ba iskar gas ta tukunyar girki ba. "Mai mai" kuma ba ya daɗin faɗi, ga shi bai bambanta fetur da baƙin mai ba. Ina ganin "mai fetur" ya wadatar. Ɗayan ne ke ba ni wahala: mai batir, mai lantarki, ko mai caji?

Makaniken ƙananan injuna:
Mai lantarki ba zai raba gardama ba, don iri biyu ne a ƙarƙashinsa. Akwai wanda ake jona wa doguwar waya a soket, kana tura shi kana kare wayar kada wuƙa ta hau ta, akwai kuma wanda ake zura wa batir a sama kamar aljihun tebur. Mai batir ma yana da ɗan ruɗani, don wasu masu fetur suna da ƙaramin batir na tayarwa maimakon jan igiya. Ni abin da nake ji a bakin mutane shi ne fitila mai caji, fanka mai caji. A bi wannan hanyar: mai fetur, mai waya, mai caji.

Kuma tunda rubutunka a kan zaɓi ne, bari in faɗi abin da nake gani a kan benci na. Injin fetur na ƙaramin gida ba yawan aiki ne ke kashe shi ba, zama ne. Mai fili kaɗan minti ashirin yake yi ya ajiye, fetur ya kwana a tanki wata da watanni, sassan da ke saurin tashi su tashi, ragowar ta zama danƙo a cikin kafireta. In na kwance ƙaramin kofin da ke ƙasan kafiretar sai in tarar da wani abu ruwan ɗorawa, mai warin tsohon fenti, ya toshe ramin da bai fi kan allura ba. Mai shi ya ja igiya har kafaɗa ta gaji, injin ya yi tari ya mutu. Fetur ɗin da aka gauraya da etanol, wani nau'in barasa, ya fi muni, don yana janyo danshi. Ga canjin baƙin mai, ga fulogi, ga matatar iska. In kuma aka kifa injin ta gefen da bai dace ba don a kankare ciyawar da ta manne, baƙin mai ya gangara ya jiƙa matatar, sai hayaƙi fari ya turnuƙe. Kullum gefen matatar iska ne ke kallon sama. Duk wannan hidima mai babban fili zai iya ɗaukarta don yana cin moriyar ƙarfin. Mai murabba'in mita 300 wahala kawai ya saya.

Wani dattijo:
Na karɓi saisaye, Malama ta yi gaskiya. Amma ku yi wa mai fetur adalci. In caji ya ƙare ana tsakiyar aiki fa? Fetur zubawa kawai za ka yi ka ci gaba. Kuma batir tsufa yake yi.

Makaniken ƙananan injuna:
Haka ne Baba, kuma bai kamata a ɓoye ba. Batirin litiyam yana rage riƙe caji shekara bayan shekara, zafi shi ne babban maƙiyinsa, sabonsa kuma yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin injin duka. Kada a bar shi a rana, kada a caja shi yana da zafi daga aiki, in za a daɗe ba a yi amfani da shi ba a ajiye shi da kamar rabin caji. Ciyawar da ta yi tsawo ko ta jiƙe tana zuƙe shi da sauri, a nan mai fetur ya fi shi nesa ba kusa ba.

Amma a yi lissafin ƙaramin fili. Inji mai faɗin santimita 40, mutum na tafiyar kilomita 3 a awa, zai rufe murabba'in mita 1,200 a awa ɗaya a kan takarda. Fili mai 300 ke nan minti 15, a ƙara juye-juye da zubar da buhun da ke tara ciyawar ya kai 25. Yawancin masu caji suna yin rabin awa zuwa sama a caji ɗaya. Kuma kada a ruɗu da lambar bolt da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali. Yawan wutar da batir ke ɗauke da ita shi ne bolt sau amfiya-awa. Mai bolt 36 da amfiya-awa 5 yana da wat-awa 180. Irin wannan batirin ne wasu kamfanoni ke rubuta wa 40, don suna auna shi ne daidai lokacin da ya sauka daga caja. A kwatanta wat-awa, shi ne girman tankin.

Mai tambaya:
Zan ƙara da abin da ya fi damuna ni kaina, ƙara da hayaƙi. Ƙaramin fili yana nufin taga kusa, maƙwabci kusa, yara kusa. Mai fetur yakan kai wajen desibel 90 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 ne ake fara gargaɗin cewa daɗewa cikin ƙara na cutar da ji. Hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar nan mai guba da ba ta da wari, shi ya sa ba a tayar da shi a rufaffen gareji. Ba banza ba jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2021 da ta kai ga dakatar da sayar da sabbin ƙananan injunan fetur irin waɗannan daga ƙirar 2024, kamfanin Honda ma ya daina ƙera masu fetur ɗinsa a Amurka a 2023. A rubutuna zan ce kai tsaye: fili in bai kai murabba'in mita 1,000 ba, kuma ana saisaye shi a kan kari, mai caji ne zaɓi.

Kalma ɗaya ta rage min. Akwai wanda ake turawa da ƙarfin hannu, akwai wanda tayoyinsa ke juyawa da kansu, mutum na biye yana riƙe da mariƙi. Na rubuta "mai tafiya da kansa".

Malamar Hausa:
Ka bar wannan wa ɗan ƙaramin injin da ke yawo a fili ba kowa a bayansa, ya koma wurin cajinsa shi kaɗai, shi ne mai tafiya da kansa na gaskiya. Wanda kake nufi "mai jan kansa" ne, ɗan'uwansa kuma "na turi".

Makaniken ƙananan injuna:
Ka rubuta masu kuma cewa a ƙaramin fili mai shimfiɗe na turi ya isa, don jan kai caji yake ci, ga ƙarin nauyi wajen juyawa a lunguna. Sai in filin yana da gangara ko mai shi ba shi da ƙarfin turawa. Kowanne aka saya, kafin hannu ya kusanci wuƙa a zare batir, in mai fetur ne a cire hular fulogi.