Ina kashe mutane amma kullum tim ɗinmu ake ci, ina matsalar take?

Baƙin_Damisa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu buga gem ɗin harbi na Valorant da CS2 (Counter-Strike 2), inda ake karawa biyar da biyar, ku zo ku ba ni shawara. Na maƙale a matakin Silver na ranki, da na ɗan hau sai a dawo da ni, kuma abin da ke ci min rai shi ne ba wai ban iya harbi ba ne, a Deathmatch, inda kowa ke harbin kowa ba tim, ina gamawa cikin na sama, a ranki ma sau da yawa ni ne na ɗaya ko na biyu wajen yawan kisa a tim ɗinmu amma a ƙarshe sai ka ga 13-8 ko 13-9 an cinye mu. A cikin ejen, wato jaruman da ake zaɓa a Valorant, Reyna nake ɗauka galibi, wani lokaci Jett.

In muna tsaro da sauƙi, amma da mun koma kai hari sai komai ya watse, kowa ya kama gabansa, ni na shiga na kashe ɗaya a kashe ni, sauran su tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa har lokaci ya kusa ƙarewa. Shin maus zan canza ne, ko saurinsa zan rage, ko dai mutanen da ake haɗa ni da su ne matsalar? Wallahi ina son gem ɗin nan sosai, so nake na iya shi da gaske ba wai na riƙa tara kisa kawai ba.

Mai_Tsaron_B:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar tana cikin maganarka, inda ka ce "na shiga na kashe ɗaya a kashe ni". Tambayar ita ce, lokacin da aka kashe ka ɗin, wa ke bayanka? In akwai abokinka taku biyu ko uku a bayanka wanda zai harbe wanda ya kashe ka nan take, to mutuwarka ta biya kuɗinta. In kuwa ka riga su da nisa, suna can suna jiran hayaƙin da ke tare wa abokan gaba gani ya sauka kai ka riga ka faɗa ciki, to wanda ya kashe ka ya sake cika bindiga, ya canza wuri, ya faɗa wa mutanensa su juyo, shi ke nan an rasa zagayen tun kafin a fara.

Ka lura da lissafin. Masu tsaro dole su rarrabu, wasu a wurin dasa bam na A wasu a na B wani a tsakiya, a taswirar Haven ma wurin dasa bam uku ne. Ku masu hari kuna iya taruwa ku biyar a wuri guda. To in aka yi musaya ɗaya da ɗaya aka koma huɗu da huɗu ku ne da riba, don su yanzu mutum huɗu ne za su rufe duk taswirar. Shi ya sa kisa ba ɗaya ba ne. Kisan farko da ya buɗe hanya ya fi kisa uku da ka yi a ƙarshe bayan zagaye ya riga ya lalace, amma allon maki duk ɗaya yake ƙirga su.

Abin da zan ce ka yi, ka naɗi wasanka da manhajar naɗar allo ta OBS ko makamanciyarta, a CS2 ma kana iya sauke wasan ka kalla daga baya. Kar ka kalli inda ka yi bajinta, je ka kai tsaye wurin kowace mutuwa ka tsayar da bidiyon ka dubi ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo. Ina abokanka suke a daidai wannan daƙiƙar? Akwai wanda ke ganin abin da kake gani?

Sai batun saiti tunda ka tambaya. Yawancin 'yan Silver alamar saitinsu tana kallon ƙasa ko ciki suke tafiya da ita, sai sun ga mutum sannan su ɗago. Bindigar Vandal harsashi ɗaya a kai jini 160 yake ragewa, a jiki 40, mutum mai cikakken sulke 150 gare shi, ka ga harbi ɗaya a kai ya yi aikin huɗu a jiki. Ka saba ajiye saitin daidai tsayin kai, a daidai inda mutum zai ɓullo, tun kafin ka zagayo kwanar. Kuma ka tsaya cak kafin ka danna. A CS2 in kana tafiya hagu da maɓallin A sai ka ɗan taɓa maɓallin D na dama don ka tsaya nan take, a Valorant sakin maɓallin ma kusan ya isa. Harsashi biyu ko uku, ka matsa, ka sake. Ba maus ba ne matsalarka.

Ɗan_Lissafi:

Duk abin da yayana ya faɗa a sama haka ne, ni kuɗi kawai zan ƙara don a nan ake zubar da zagaye uku huɗu a banza kuma ba wanda ke lura. A Valorant ana farawa da 800. In kun ci zagaye kowa 3000, in an ci ku 1900, a jere na biyu 2400, na uku 2900, kowane kisa 200. Bindigar Vandal ko Phantom 2900, babban sulke 1000, wato 3900 kenan tun ba a zo kan kayan ejen ɗinka ba. To sai ka ga an ci mu zagayen fistol, wato na farko da ake shiga da ƙaramar bindiga, mutum biyu sun kwashe kuɗinsu sun sayi abin da bai kai ya kawo ba, uku sun ajiye, zagaye na gaba kuma waɗancan ukun na da bindiga biyun ba su da komai, haka za a yi ta tafiya ba a taɓa haɗuwa ku biyar da cikakken kaya ba har a canza ɓangare.

Ko dai kowa ya saya ko kowa ya ajiye. Shafin sayayya yana nuna maka mafi ƙarancin abin da za ka samu a zagaye mai zuwa, ka duba shi, ka duba na abokanka. In kana da rara ka saya wa wanda ba shi da shi, kai Reyna mai yawan kisa ai kai ne ya kamata ka fi kowa yin wannan. Kuma in kun ci fistol ku saya, bindigar Spectre 1600 ce, kar ku shiga da fistol ku ba su damar dawowa.

Wani abu kuma, in ka rage kai kaɗai su huɗu kuma bam ya yi nisa da ƙirgawa, ka tsira da bindigarka. A CS2 bindigar harbin nesa AWP 4750 ce, ba abin da za ka je ka miƙa musu kyauta ba ne.

Baƙin_Damisa:

Na gode ƙwarai manya, Allah ya ƙara basira. Amma ga inda nake samun cikas, ya zan yi su biyo ni? Ni kaɗai nake shiga ranki ba ni da tim, mutanen ban san su ba, wasu ko maik ba sa buɗewa. In na jira su ba sa motsi, in na shiga ba sa biyowa.

Ummu_Omen:

Ɗan'uwa kai za ka fara magana, kar ka jira wani. Kuma tun a lokacin sayayya, ba sai an fara harbe-harbe ba. Jimla ɗaya ta isa: mu je A tare, hayaƙi a Heaven da Tree (wuraren da masu tsaron A ke leƙowa a taswirar Ascent), zan fara shiga, wane ka biyo ni. In ka kira sunan ejen ɗin mutum kai tsaye, ka ce Sova kai nake so a bayana, ya fi jin nauyin abin fiye da ka ce "ku biyo ni" wanda kowa zai ɗauka da wani ake. Mutane da yawa da ke shiru ba ƙin haɗin kai suke ba, jira suke wani ya faɗi abin da za a yi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko tsarin bai yi kyau sosai ba in ku biyar kuka yi shi tare ya fi kowa da nasa.

In ka mutu kuma, mutum nawa ka gani, a ina, ka rage masa jini ko a'a, shi ke nan sai ka yi shiru. Wanda ya rage a raye kunnensa yake buƙata don jin takun ƙafa, in kana ta surutu ko faɗa kai ka kashe shi. Wannan abin yana min ciwo sosai don na ga zagaye da yawa da aka rasa saboda shi.

Sai agogo. A Valorant zagaye minti 1 da daƙiƙa 40 ne, ba dole ku faɗa a daƙiƙa 15 na farko ba. Da an dasa bam kuma wasan ya juye, yanzu su ne ke gaggawa. Daƙiƙa 45 yake kafin ya tashi, kwance shi na cin 7, in sun kai rabi wato 3.5 rabin ya zauna. A CS2 40 ne, kwancewa 10, da kayan kwancewa 5. To me zai kai ka farautarsu har gidansu? Ku ɓuya mutum biyu a kusurwa biyu da ke kallon bam ɗin ta ɓangare daban, duk wanda ya juya wa ɗaya fuska ya ba ɗayan baya.

Ni da za ka ji tawa ma ka ɗan ajiye Reyna ka buga Brimstone na wani lokaci. Hayaƙi uku gare shi kuma saka su ba wuya, zai tilasta maka ka riƙa tunanin inda abokan gaba ke leƙowa da lokacin da tim ke shirin shiga.

Ɗan_Lissafi:

Hajiya a nan kam ban bi ki ba gaba ɗaya. Mutumin da hannunsa ke da kyau a mai da shi baya yana jefa hayaƙi, an yi asarar abin da ya fi iyawa. Ya koyi Brimstone don ya fahimci aikin, na yarda, amma a ranki ya tsaya kan ejen biyu ya san su ciki da waje. Saurin maus ma haka, ya zaɓi ɗaya wanda zai iya juyawa baya da jan hannu guda ya bar shi, canzawa duk bayan an ci shi ne ke hana hannu sabawa. Kuma in an ci ka biyu a jere ka tashi ka huta, wasan da aka shiga da fushi gaggawa ce kawai a cikinsa.

Baƙin_Damisa:

Toh na ɗauka, zan fara da kallon bidiyon da kuma yin magana tun lokacin sayayya. Tambaya ta ƙarshe, in ina tsaro na tsaya ina gadin kwana, sai mutum ya ɓullo ya harbe ni kafin ma na gan shi sosai. Wannan fa?

Mai_Tsaron_B:

Abu biyu ne. Na farko jinkirin intanet, wanda ya fito da motsi yana ganinka ɗan lokaci kaɗan kafin saƙon fitowarsa ya iso allonka, in netwok ɗinka na da nauyi abin ya fi tsanani. Don haka kar ka daskare a wuri ɗaya da kowa ya sani, ka riƙa leƙawa kana komawa, ko ka tsaya inda ba a saba duba mutum ba, in ka kashe ɗaya kuma ka bar wurin.

Na biyu nisa da bango. Wanda ya fi kusa da kwanar kafaɗarsa ke fara fitowa kafin idonsa ya ga komai, wanda ya ja baya nesa da ita shi ke fara gani. Ka gwada da wani a wasan ku biyu, kai ka manne da bango shi ya ja baya, sannan ku yi musaya, za ka ga bambancin da idonka. Kuma kar ka manna saitin a jikin bangon, ka bar ɗan tazara daidai inda mai fitowa da gudu zai kai kafin yatsanka ya danna.